Martani: Ɗan Sabon Gari Ba Baƙo Ba Ne a Siyasar Zariya

Na karanta rubutun da wani ɗan'uwa marubuci ya fitar a kwanakin baya game da siyasar ƙaramar hukumar Sabon Gari, na kuma ga yadda matasa suka yi ta yaɗa shi suna sa masa albarka. Abin da ya faɗa a taƙaice shi ne, Yarbawa da Ibo da mutanen Kudancin Kaduna da Binuwai da Filato da ke zaune a Sabon Gari da Samaru baƙi ne, neman abinci ya kawo su. Don haka su riƙe shagunansu da ofisoshinsu, ranar zaɓe su jefa ƙuri'a in sun ga dama, amma kada su ɗaga ido su kalli kujerar kansila ko ta ciyaman ko ta majalisar jiha. Hujjojinsa kuwa su ne: baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba, dimokuraɗiyya lissafi ce, mai rinjaye shi ke kwashewa, a Kudu ba a yi wa Bahaushe wannan gatan, sannan shigar tsiraru cikin takara ita ke tayar da fitina.

Malam, ban ɗauke ka maƙiyin kowa ba. Na san kishin Zazzau ne ya sa ka ɗauki alƙalami, ni ma kishin ne ya sa na ɗauki nawa. Sai dai kishin da bai jingina da tarihi da adalci ba, ɓarna yake yi wa abin da ake kishin. Shi ya sa zan bi hujjojinka ɗaya bayan ɗaya.

Mu fara da tambayar da ka tsallake: wa aka gina wa Sabon Gari? Lokacin da layin dogo ya iso Zariya a wajajen 1911, Turawan mulkin mallaka sun buƙaci akawuna da direbobin jirgi da makanikai da kafintoci. Kamfanonin da ke sayen auduga da gyaɗa da fatu, irin wanda har gobe unguwar PZ ke amsa sunansa, su ma sun buƙaci ma'aikata. Aka kwaso mutane daga Legas da ƙasar Yarbawa da ƙasar Ibo, har da Gana da Saliyo. Bature bai so su cuɗanya da mutanen cikin ganuwa ba, sai ya yanka musu fili a ƙetaren Kubanni ya ce su zauna can. 'Yan Arewa Musulmi waɗanda ba Zage-zagi ba kuma aka ware musu Tudun Wada. Wannan rabon na ɗan gari a nan, baƙo a can, dabarar Bature ce ta raba kan talakawan da yake mulka, kuma abin takaici ne a ce shekaru sama da 60 bayan tafiyarsa muna yi masa gadin katangar da ya gina.

Samaru ma haka labarinta yake. Ba na musun cewa Bomo da Basawa da Hanwa sun riga reluwe, sun riga jami'a, kuma mutanensu ne suka ba da gonakin da aka yi gine-ginen a kai. Haƙƙinsu na nan, ba mai taɓa shi. Amma Samarun da muka sani yau, tashar binciken aikin gona da aka kafa a 1922 ce ta fara tara mata jama'a, Jami'ar Ahmadu Bello da aka buɗe a 1962 ta mai da ita gari. Kwalejin koyon tuƙin jirgin sama ta Palladan, da cibiyoyin bincike na Basawa, da barikokin soja, duk sun jawo ma'aikata daga kowace kusurwa ta Najeriya. Waɗannan mutane sun yi aure a nan, sun haihu a nan, sun yi ritaya a nan, da yawansu a nan aka binne su. Jikokinsu ne ke cika Hayin Dogo da Danraka da Layin Zomo, suna Hausa kamar jakin Kano. Raɓa da hantsi take bushewa. Wanda gidansu ya shekara 100 a Titin Legas ko Titin Benin, wane hantsi kake jira ya ɗauke shi?

Akwai kuma wata gaskiya da ya kamata mu faɗa wa kanmu. Mafi yawan mu Hausawan da muka yi rinjaye a Muciya da Cikaji da Unguwar Gabas a yau, kakanninmu ba daga cikin ganuwar Zazzau suka fito ba. Daga Kano suka zo, daga Katsina, daga Sakkwato, daga Damagaram da Maraɗi, fatauci ko almajiranci ko aikin jirgi ya kawo su. In asalin kaka ne ma'auni, to da yawa daga masu kiran wasu baƙi su ma baƙin ne. Amma Bakanon da ya sauka bara, bana ɗan gari ne, Bayaraben da kakansa ya zo da jirgin farko kuwa har yau ana tambayarsa yaushe zai koma gida. Ashe ba asali muke aunawa ba, harshe da addini muke aunawa. In haka ne, sai a fito fili a faɗa, a daina fakewa da tarihi.

Tarihin ma ba ya goyon bayanka. Duk Bazazzagin da ke alfahari da gwagwarmayar talakawa, da Hajiya Gambo Sawaba yake farawa. To wace ce ita? Mahaifinta, Isa Amartey Amarteifio, mutumin Gana ne da aikin reluwe ya kawo Zariya, ya musulunta a nan. Mahaifiyarta Banufiya ce. A Sabon Gari ta tashi, a nan ta jagoranci matan jam'iyyar NEPU tun tana yarinya. An ɗaure ta sau 16 saboda ta ce matan Arewa su ma su jefa ƙuri'a, a daina aikin tilas, a daina aurar da yara ƙanana. Da an bi ƙa'idarka, da an ce mata ta riƙe sana'arta ta bar siyasa ga masu gari. Yau babban asibitin da ke Ƙofar Gayan, a cikin birnin Zariya, sunanta yake amsawa.

Ka ce ai ita Musulma ce? To ga Dakta Barau Dikko, ɗan Wusasa, Kirista, likita na farko daga Arewacin Najeriya. Yana cikin waɗanda suka kira taron da ya haifar da Jam'iyyar Mutanen Arewa a 1948, shi aka fara zaɓa shugabanta, kuma ita ce ta rikiɗe ta zama NPC ta Sardauna da Tafawa Ɓalewa. Ga Farfesa Ishaya Audu, Bahaushe Kirista, likitan Sardauna, ɗan Najeriya na farko da ya shugabanci jami'ar Samaru daga 1966 zuwa 1975. A zaɓen 1979 shi ne mataimakin ɗan takarar shugaban ƙasa Dakta Azikiwe, daga baya Shehu Shagari ya naɗa shi ministan harkokin waje. Ga Janar Yakubu Gowon, Ba'angashe da ya tashi a Wusasa, wanda ya riƙe ƙasar nan daga 1966 zuwa 1975 ya hana ta wargajewa. NEPU kanta, cikin mutanen da suka kafa ta a Kano a 1950 har da Bello Ijumu, Bayaraben ƙasar Kabba. Iyayenmu da suka gina siyasar Arewa ba su tsaya tambayar takardar asali ba. Sun duba abin da mutum zai iya ne.

Ko gidajen sarautar Zazzau huɗu da muke girmamawa, Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa, kowannensu yana da tarihin zuwan kakanninsa daga wani wuri. Ilimi da jihadi da hidimar jama'a suka kafa su, har suka zama su ne Zazzau. Wannan ba aibi ba ne, shi ne sirrin ƙarfin ƙasar Hausa tun fil azal: tana karɓar mai zuwa, ta mai da shi nata.

Sai batun lissafi. Gaskiya ne a zaɓe mai ƙuri'a mafi yawa ke ci, kuma ba wanda ya ce a ƙwace kujera a miƙa wa wanda bai ci ba. Amma abin da ka nema ba lissafi ba ne. Ka nemi a hana wasu shiga fili tun kafin a busa usur. In ka tabbata rinjaye na hannunka, me ya sa kake tsoron takararsu? Tsarin mulkin 1999 bai bar wannan magana a duhu ba. Sashe na 42 ya haramta a tauye wa ɗan ƙasa wani haƙƙi saboda ƙabilarsa ko addininsa ko wurin da iyayensa suka fito. Sashe na 14, ƙaramin sashe na 4, ya ambaci majalisar ƙaramar hukuma da sunanta, ya ce a tsara ta yadda za ta nuna bambancin jama'ar da ke ƙarƙashinta, domin kowa ya ji ana yi da shi. Sashe na 179 kuma ya ce ba a zama gwamna da yawan ƙuri'a kaɗai, sai an samu kashi ɗaya cikin huɗu a kashi biyu cikin uku na ƙananan hukumomin jiha. Waɗanda suka rubuta waɗannan sassa sun ga abin da ya faru a 1966, sun ga yaƙin basasa, sun san abin da mulkin mu-kaɗai ke haifarwa.

Ko ta fuskar lissafin ma, hujjarka ba ta tsaya ba. A zaɓen gwamnan Kaduna na 2023, tazarar da ke tsakanin Uba Sani da Isa Ashiru ba ta kai ƙuri'a 11,000 ba, alhali kowannensu ya samu sama da 700,000. Ƙaramar hukumar Sabon Gari tun a ƙidayar 2006 ta haura mutum 280,000. A irin wannan kankankan, ƙuri'un mazaɓar Samaru kaɗai za su iya juya sakamako. 'Yan siyasa sun fi kowa sanin haka, shi ya sa in zaɓe ya gabato za ka gan su a tarukan ƙungiyoyin Yarbawa da Ibo da Idoma suna neman goyon baya. Ƙuri'ar mutum halal ce, amma takararsa haram? Wannan ba dimokuraɗiyya ba ce, cin moriyar ganga ne a ya da kwaurenta.

Hujjarka ta uku ita ce ta fi shiga zukatan matasa: a Kudu ba a yi mana. Ban ƙaryata ka ba cewa Bahaushe na shan wariya a wurare da dama. Mun ga rikicin Shagamu a 1999, mun ga na kasuwar Shasha ta Ibadan a 2021. Amma kada mu manta an taɓa yi mana. Malam Umaru Altine, Bafulatani mai fataucin shanu daga lardin Sakkwato, shi ne magajin garin Inugu na farko a 1956, ƙarƙashin jam'iyyar NCNC, kuma ƙuri'un Ibo ne suka ɗora shi. Abin da ya yiwu a Inugu kafin 'yancin kai, me zai hana shi yiwuwa a Sabon Gari yau?

Ka kuma duba Jos. Hausawan da kakanninsu suka haƙa kuza, suka gina kasuwa da unguwanni, da wace kalma ake hana su kujera? Da kalmar da ka yi amfani da ita: baƙi. Naɗin Alhaji Aminu Mato shugaban riƙo na Jos ta Arewa a 1994 da ita aka yaƙe shi. Rikicin Satumbar 2001 da na zaɓen ƙananan hukumomi na Nuwambar 2008, duk wannan kalma na cikin abin da ya rura su. Duk lokacin da aka yi wa 'yan'uwanmu haka a Filato, mukan rubuta cewa ɗan Najeriya ɗan gari ne a duk inda aka haife shi. To da wane baki za mu faɗi haka a Jos, mu faɗi akasinsa a Zariya? Babu al'ummar da ta kai Hausawa bazuwa a Afirka ta Yamma. Muna Sabo ta Ibadan, muna Agege, muna zangon Kumasi da Akara, muna Duwala, muna Sudan. Lokacin da gwamnatin Busia ta kori baƙi daga Gana a 1969, Hausawa da Yarbawa tare suka ɗaure kayansu. Duk dokar da ta ce baƙo ba shi da baki a siyasa, Bahaushe za ta fi yanka. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Mun yi murna da Sadiq Khan, ɗan direban bas daga Fakistan, ya zama magajin garin Landan a 2016. Murnar ba ta da ma'ana in har ba za mu iya jure ganin ɗan Bajju ko Bayarabe a kujerar kansilan Samaru ba.

Hujja ta huɗu, wai takarar tsiraru ke kawo fitina. Garin nan ya ga fitina, mu lissafa mu gani. An zubar da jinin Ibo a Sabon Gari a 1966. Rikicin da ya tashi a kwalejin ilimi ta Kafancan a Maris 1987 ya iso Zariya, aka ƙone majami'u. Na Zangon Kataf a 1992 ya fantsamo, haka na bayan zaɓen 2011, wanda a cikinsa aka kashe Musulmi da dama a Zonkwa da Kafancan, inda su ne tsiraru. A 17 ga Yuni 2012 aka kai harin bam a majami'u a Sabon Gari da Wusasa, aka kuma huce a kan matafiya Musulmi a Gonin Gora. A cikin waɗannan duka, wanne ne ya tashi don an zaɓi ɗan wata ƙabila kansila a Zariya? Babu ko ɗaya. Abin da ke rura wutar shi ne jita-jita, da zargin juna, da jin cewa hukuma ta wasu ce, da kuma manyan da ke cin riba da raba kan talakawa. Marigayi Dakta Yusufu Bala Usman ya shafe rayuwarsa a Samaru yana faɗakar da mu yadda masu hannu da shuni ke wasa da addini don su kare abin da suka tara. Ranar 7 ga Yuli 2015 da bam ya tashi a sakatariyar ƙaramar hukuma a Dogarawa ya hallaka ma'aikatan da suka je tantancewa, wanda ya tayar da shi bai tambayi kowa ƙabilarsa ba.

Wakilci maganin fitina ne. Daren da jita-jita ta tashi a Kwangila ko kasuwar Samaru, ciyaman na buƙatar wanda zai buga wa waya, wanda matasan unguwarsa ke jin maganarsa, wanda kuma yake da abin da zai rasa in gari ya kama da wuta. Mutumin da aka rufe wa ƙofar majalisa ba ya daina siyasa, wurin yin ta kawai yake sauyawa. Sai ya koma yin ta a ƙungiyar ƙabila da harabar wurin ibada, inda babu mai ja da shi, kuma a can ne ake ƙulla ƙuri'ar gayya. Gwamna Ahmed Maƙarfi ya gane haka bayan rikicin shari'a na 2000, lokacin da ya ba al'ummomin Kudancin Kaduna masarautunsu, aka samu sassauci. Marigayi Patrick Yakowa, Kirista, ya mulki jihar nan daga 2010 zuwa 2012, masallatan Zariya ba su rufe ba, fadar Zazzau ba ta girgiza ba.

Mu kuma tuna mene ne aikin kansila. Kwalbatin da ta toshe, ruwan famfon da bai zuwa, sharar bakin kasuwa, rufin makarantar firamare da iska ta yaye, asibitin sha-ka-tafi da babu magani, kuɗin rumfa da ake karɓa ba a ga aikinsa ba. Ambaliyar damina in ta shiga layi, gidan Malam Sani da gidan maƙwabcinsa Kirista tare take cikawa. Mai shagon kayan gyaran mota da ke biyan haraji duk wata yana da haƙƙin ya tambayi inda kuɗin ya shiga, yana kuma da haƙƙin ya ce a ba shi ya gwada.

Addininmu ma bai koya mana wariya ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da ya isa Madina ya ƙulla yarjejeniya da Yahudawan garin, aka rubuta haƙƙin kowa da nauyin da ke kan kowa wajen kare gari. Haƙƙin maƙwabci a Musulunci bai tsaya kan Musulmi kaɗai ba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da almajiransa sun yi rubutu mai yawa kan cewa adalci ne ginshiƙin mulki, zalunci kuwa shi ke rusa shi.

Akwai wurin da na yarda da kai. Sarautar gargajiya tana da gidajenta da ƙa'idojinta, kuma ban ji wani Bayarabe ko Ibo ya ce yana neman rawanin hakimi ba. Gado daban, kujerar zaɓe daban, kada a cakuɗa su don a tsorata jama'a. Na kuma yarda cewa 'yan'uwanmu tsiraru suna da nasu laifin. Da yawansu ba sa yankar katin jam'iyya, ba sa zuwa taron mazaɓa, wasu ko katin zaɓe a garin kakanninsu suke yankarsa. Wasu shugabannin ƙungiyoyinsu sai zaɓe ya zo suke fitowa su yi cinikin ƙuri'un jama'arsu su koma. Wasu masu wa'azi, a coci da masallaci, sun mai da mumbari dandalin kamfe. Wanda ke son a ɗauke shi ɗan gari, dole ya yi zaman ɗan gari: ya zo jana'iza, ya zo gayyar gyaran kwata, ya shiga kwamitin tsaron unguwa, ya nemi ƙuri'ar Bahaushe da Hausa, da manufar da ta shafi kowa. Amma gyaran wannan laifi shi ne a jawo su ciki, ba a ƙara tura su waje ba.

Saboda haka ina kira ga shugabannin jam'iyyu a mazaɓu 11 na Sabon Gari, musamman Samaru da Muciya da Cikaji da Unguwar Gabas da Jushin Waje, su buɗe takarar fid da gwani ga duk wanda ya cancanta, ba tare da tambayar garin kakansa ba. Duk wanda ya hau kujerar ciyaman ya duba Sashe na 14 kafin ya naɗa kansilolin gudanarwa da masu ba da shawara. Gwamnatin jiha ta sanar tun 2019 cewa ta soke bambancin ɗan asali da mazauni a Kaduna. Majalisar dokoki da ma'aikatan ƙananan hukumomi su tabbatar maganar ta sauka daga takarda zuwa aiki, don kada yaron da aka haifa a Samaru ya ci gaba da tafiya ƙauyen da bai taɓa kwana ba neman takardar shaidar asali. Malamanmu da limaman coci kuma su ji tsoron Allah, su bar mutane su zaɓi mai amana.

Kai kuma Malam, alƙalaminka na da masu bi, kuma yawancinsu matasa ne da ba su ga 1987 ba, ba su ga 1992 ba. Ina roƙonka ka sake duba wannan matsayi, ka janye shi. Wanda aka haifa a Sabon Gari, ya yi karatu a nan, yake biyan haraji a nan, ya binne iyayensa a nan, ɗan Sabon Gari ne, ko sunansa Musa ko Moses. A bar shi ya tsaya takara, jama'a su auna shi da halinsa da aikinsa. Allah Ya zaunar da Zazzau lafiya, Ya ba mu shugabanni masu adalci.